Motar da Aka Ba Ikkilisiya: A Ajiye Ta ko a Sayar?

Ina roƙon ku ba ni dama in taɓa wata magana da muka daɗe muna kauce mata a zaman majalisa, wato maganar kyautar mota da babur da janareto da sauran kayan ƙarfe da ake kawo wa ikkilisiya domin aikin jinƙai. Na san magana ce mai nauyi, gama masu ba da kyautar mutanenmu ne, kuma da zuciya ɗaya suka bayar. Amma in ba mu gaya wa juna gaskiya a nan ba, a ina za mu gaya?

Zan fara da labarin wata mota da aka sayar a nesa da mu ƙwarai, amma za ku ga yadda labarin ya zagayo har Maiyama. A watan Fabrairu na 2016, kamfanin gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da wata motar gudu mai kujera biyu, ƙirar Ingila, mai suna Aston Martin DB10. Guda 10 kawai aka ƙera irinta, domin fim ɗin James Bond da ya fito a 2015. An saye ta fam miliyan 2.4 da ɗoriya, ko da yake an gaya wa masu saye tun farko cewa ba ta da izinin hawa titi. Kuɗin motar an ba da shi ga ƙungiyar likitocin nan na gari na kowa, wato MSF. Ita ce ƙungiyar da a shekara ta 2022 ta fara kwantar da yara masu tamowa a Babban Asibitin Maiyama, ta kuma buɗe wuraren duba yara a ƙananan hukumomin Jega da Maiyama. Shekara shida ke tsakanin gwanjon da wannan aiki, don haka kada wani ya ce na ce da kuɗin motar aka yi shi. Abin da nake nufi shi ne, mafi yawan kuɗin wannan ƙungiya daga hannun mutane masu zaman kansu yake fitowa, kuma ta irin waɗannan hanyoyi yake shigowa.

Ba da mota domin agaji abu ne sananne a Ingila, musamman tsofaffin motocinsu na gudu. Suna da irin su MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, fiye da guda 500,000. Suna da Jaguar E-Type da ta fito a 1961, da Aston Martin DB5 ta 1963. A can, idan irin wannan mota ta tsufa cikin kulawa, daraja take ƙarawa. Akwai masu tara su kamar yadda wasu ke tara dawaki, akwai kayan gyaransu a kasuwa, akwai takardun tarihin kowace mota tun daga ranar da aka saye ta, har gwamnati kan ɗauke wa motar da ta wuce shekara 40 harajin hanya. A Satumba na 2022 ma, an sayar da wata mota da aka ƙera a siffar DB5 a kan kusan fam miliyan 3, kuɗin ya tafi ga ƙungiyoyin agaji. Wani ɗan kasuwa na Ingila mai suna Richard Colton, wanda ya rasu a 2015, ya bar wasiyyar tsofaffin motocinsa biyu ƙirar Ferrari ta Italiya ga RNLI, ƙungiyar da ke ceton mutane a teku. An sayar da su fam miliyan 8.5, kuma a 2018 aka kai sabon jirgin ceto garin Hastings ɗauke da sunansa da na matarsa.

Ku lura da abu ɗaya cikin labaran nan duka. Babu ƙungiyar da ta ajiye motar a ƙofar ofishinta don mutane su gani. Likitoci ba su ce shugabansu zai riƙa hawa ba, masu ceto a teku ba su rubuta sunansu a jikin ƙofar motar ba. Sun sayar a bainar jama'a, kowa ya ji farashi, kuɗin ya koma magani da jirgin ceto. Mai kyauta ya cika nufinsa, mai bukata ya sami taimako. Wannan shi ne ra'ayin da nake so in kare a wannan rubutu: kyautar mota ga aikin jinƙai ba ta cika ba sai ta isa ga mabukaci. Idan ikkilisiya ba za ta iya ciyar da motar ta yi aiki ba, to a sayar da ita tun tana da daraja, a fili, a kuma ba da lissafi.

Yanzu bari in dawo gida. A wata ikkilisiya da na yi sujada cikinta shekarun baya, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya tashi ranar bikin godiya na kaka ya miƙa makullin motarsa, Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo. Ya ce ya ba da ita domin kai marasa lafiya asibiti da ziyarar gwauraye. Ranar majami'a ta cika da sowa, Zumuntar Mata suka yi ta waƙa, matasa suka wanke motar tas, aka kira mai fenti ya rubuta sunan ikkilisiya a ƙofa. Cikin makon nan wani direba da ke lodi a tashar Jega ya zo ya taya ta da kuɗi mai kauri, don yana son ta a hanya. Dattawa suka ce Allah ya kiyaye, ai ba a sayar da kyauta.

Motar ta yi aiki 'yan watanni. Daga nan ta fara shan baƙin mai, lagireto ya fara yoyo, batir ya mutu, tayoyin baya suka suɗe. Kowane wata sai ma'aji ya kawo takardar bakanike. Da asusun gyara ya ƙare, sai aka ce a ranto daga asusun gwauraye, za a mayar. Ba a mayar ba har yau. A ƙarshe aka tura ta gindin dogonyaro bayan majami'a, aka ce sai bayan Kirsimati. Kirsimati huɗu suka wuce. Kaji suka mai da kujerar baya wurin ƙwai, yara suka fasa gilashi, wani ya kwance fitilu da dare. Daren da matar mai gadinmu ta shiga naƙuda mai wuya, ƙofar maƙwabcinmu Alhaji muka buga, shi ya tashi ya kai ta asibiti da motarsa, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Tamu motar tana nan tsaye a kan duwatsu, sunan ikkilisiya a jikinta.

Da aka gaji, aka aiki ma'aji ya je ya nemi izinin dattijon kafin a kira 'yan gwangwan. Ya tafi yana jin nauyi, ya durƙusa ya ce, "Baba, mun zo ne da kunya, motar nan ta fi ƙarfinmu." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, me ya sa ba ku zo tun farko ba? Ni ma don ta fi ƙarfina na kawo muku, ina zaton ku da kuke da yawa za ku iya. Da kun tambaye ni ranar da direban nan ya taya, ai da na ce ku sayar ku ba gwauraye." A kan sikeli aka auna motar. Abin da aka samu bai biya bashin asusun gwauraye ba.

Ban kawo wannan labari don in zargi dattijon ba, kuma ban kawo shi don in ci fuskar majalisa ba, gama ni ma ina cikin masu tafi ranar. Laifinmu duka ɗaya ne: mun dubi motar, ba mu dubi mutanen da aka ba da ita dominsu ba.

Dole mu yarda cewa tsohuwar mota a nan ba ta da irin darajar da take da ita a Ingila. Mun san ƙarfen Ingila a wannan ƙasa tun zamanin iyayenmu: Land Rover da ta fara fitowa a 1948, wadda ma'aikatan gwamnati da na mishan suka ratsa daji da ita, da manyan motocin Bedford da Austin, da keken Raleigh da masu bishara na farko suka yi yawo a kai. Ita Fijo kuma a Kaduna aka riƙa haɗa ta tun 1975. Amma ba mu da kasuwar masu tara tsofaffin motoci a Jega ko Birnin Kebbi. Motarmu kowace damina ta wuce raguwa take yi. Rana na cin fenti da roba, ruwa na kawo tsatsa, ɓera na cin waya. Saboda haka, farashin ranar da aka kawo kyautar shi ne mafi tsada da za a taɓa samu. Kowane wata da majalisa ta ɗage magana, kuɗin gwauraye ne ke zubewa.

Ko a Amurka sun gane cewa abin da mai kyauta ke zaton motarsa ta kai daban yake da abin da kasuwa za ta biya. A can mai ba da kyauta ga ƙungiyar agaji yakan sami ragin haraji, sai mutane suka riƙa kumbura darajar tsofaffin motocinsu a takarda. Daga 2005 doka ta ce idan ƙungiyar ta sayar da motar, to a yawancin hali farashin da aka samu a zahiri shi za a lissafa. Mu ba mu da wannan ragin haraji, amma muna da irin wannan kumburi a wata siffa. Ana sanar da kyauta daga bagade kamar sabuwar mota ce, alhali bakanike bai ko buɗe bonet ba.

Sai kuma maganar mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, litar fetur a gidan man gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi, cikin kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ikkilisiyoyinmu na wannan yanki ƙanana ne, kuma yawancin membobi ba mazauna dindindin ba ne. Akwai malamai da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya waɗanda canjin wurin aiki kan ɗauke dare ɗaya. Akwai ɗaliban jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, da na makarantar koyon aikin lafiya ta Jega, waɗanda in an yi hutu sai ka ga bencina babu kowa. Kowane ma'aji ya san yadda baiko ke faɗuwa a irin wannan lokaci. Mota kuwa ba ta san hutu ba. Lasisi da inshora da batir suna jiran kuɗi ko ana sujada da mutum 20 ne.

Na san abin da wasu iyayena za su ce, kuma maganarsu tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba.

Na ɗaya, za a ce a al'adarmu sayar da kyauta cin fuska ne. Gaskiya ne idan abokinka ya ba ka riga ka kai ta kasuwa. Amma wanda ya ba da mota domin marasa lafiya, ba majalisa ya yi wa kyauta ba, amana ya ba ta. Ku tuna da Barnaba mutumin Kubrus a Littafin Ayyukan Manzanni. Gona yake da ita, bai kawo wa manzanni takardar gona su je su yi noma ba, sayarwa ya yi ya kawo kuɗin aka raba wa mabukata. Maganin jin nauyi shi ne a tambayi mai kyauta tun ranar farko, cikin ladabi: "Baba, idan muka ga sayarwa ta fi amfani ga waɗanda ka yi niyya, ka yarda?" Mai kyauta na gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya ƙi kuma, ya nuna mana cewa akwai wani abin da yake nema ban da taimakon mabukata, sai mu yi masa godiya mu bar masa motarsa.

Na biyu, za a ce muna bukatar mota ƙwarai, da babu gara ba daɗi. Lallai muna bukatar hanyar kai mutum asibiti da sauri. A watan Maris na 2025 gwamnatin jiharmu ta sanar da mutuwar mutum 26 a Gwandu da Jega da Aliero da Argungu, a ɓarkewar cutar da aka yi zaton sanƙarau ce, ciwon da ba ya jiran gari ya waye. Haka nan naƙuda, haka saran maciji. Amma abin da mara lafiya ke bukata da tsakar dare shi ne abin hawan da zai tashi yanzu, da mai a ciki, da direba a kusa. Mota mai matsala ta fi babu haɗari, domin za a ɓata lokaci ana tura ta. Ga yawancin ikkilisiyoyinmu, ya fi sauƙi a yi yarjejeniya da mutum biyu ko uku masu mota ko Keke Napep a unguwa, a ajiye lambar wayarsu, a ware asusun gaggawa da za a biya su nan take. Idan kuwa ikkilisiya ta zauna ta rubuta kuɗin mai da gyara da taya da lasisi da inshora na shekara guda, ta ga za ta iya ba tare da taɓa asusun gwauraye ko albashin Fasto ba, to ta riƙe motarta da albarka. Ban ce a sayar da kowace mota ba. Na ce a yi lissafi kafin a yi tafi.

Na uku, kuma wannan ita ce maganar da ba a faɗa a taro sai a hanyar gida: mota ana ganin ta, kuɗi kuwa ɓacewa yake yi. Mutane da yawa sun fi son motar ta ruɓe a idonsu da a sayar kuɗin ya shiga inda ba su sani ba. Wannan tsoro yana da dalili, kuma mu shugabanni ne muka jawo shi ta wurin rashin ba da rahoto. A cikin littafin da na ambata, labarin Hananiya da Safiratu na biye da na Barnaba, su ma fili suka sayar, abin da ya hallaka su kuwa ƙarya ce a kan farashi. A bar kaza cikin gashinta ba zai warkar da wannan ciwo ba. Abin da zai warkar da shi shi ne ciniki a gaban jama'a.

Akwai ta huɗu da ke ɓoye a zuciyarmu. Da yake mu kaɗan ne a garuruwan nan, muna son a ga muna da abin kanmu, mota mai suna a ƙofar majami'a tana sa mu ji mun cika mutane. Na fahimci wannan. Amma maƙwabtanmu suna da ido. Sun san bambancin motar da ke aiki da wadda kaji ke kwana ciki. Abin da za su tuna da mu a kai shi ne ranar da muka biya wa wata uwa kuɗin mota zuwa asibiti ba mu tambaye ta inda take salla ko sujada ba, kamar yadda Alhaji bai tambaye mu ba a daren nan.

Saboda haka ina kawo shawara ga majalisun dattawa na Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukan kewaye, mu amince da ƙa'ida ɗaya kafin wata kyauta ta sake zuwa:

1. Kada a sanar da kyautar abin hawa a majami'a sai bakanike wanda ba dangin mai kyauta ba ya duba shi, ya faɗi gaskiyar halinsa a gaban dattawa biyu.

2. A ga takardu na asali: shaidar mallaka, takardar kwastan, da lasisi, a gwada lambar inji da ta jikin mota. Ikkilisiyar da aka kama da motar da takardunta ba su cika ba, sunanmu duka ne zai ɓaci.

3. Mai kyauta ya rubuta da hannunsa abin da ya ba da motar dominsa, da yardarsa a sayar idan ya kama. Matarsa da manyan 'ya'yansa su sani, domin kada magada su taso bayan ransa.

4. Cikin wata uku majalisa ta yanke shawara, ko riƙewa da kasafin shekara a rubuce, ko sayarwa.

5. Idan sayarwa ce, a nemi tayi daga mutum uku aƙalla, ko a yi gwanjo a fili kamar yadda muke yi wa doya da awaki ranar godiya. Fasto da dattawa da iyalansu kada su saya, ko da su ne za su fi biya.

6. A karanta farashi a sujada, a manna a allon sanarwa, a kuma karanta yadda aka kashe kuɗin har kobo na ƙarshe. A kai wa mai kyauta kwafi a gidansa.

Wani zai ce kuɗin tsohuwar Fijo ko babur me zai yi? Ba zai sayi jirgin ceto ba, amma bukatunmu ma ba na miliyoyin fam ba ne. Jinyar da likitocin na gari na kowa ke yi wa yara kyauta ce, sai dai uwar da ke ƙauye tana bukatar kuɗin mota kafin ta iso, kuma tana barin wasu yara a gida waɗanda dole su ci abinci kwanakin da take asibiti. Sau da yawa wannan ƙaramin kuɗi ne ke sa a makara. Haka kuma gero da dawa da waken suya da gyaɗa, waɗanda ake soyawa a niƙa a dama wa yara kunu mai gina jiki, duk suna nan a kasuwar Jega, sun fi araha da kaka. Zumuntar Mata za su iya saye a lokacin, su ajiye, su raba da damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa. Kuɗin makarantar maraya na zango ɗaya, jarin ƙuli-ƙuli ga gwauruwa, kuɗin allura ga tsoho: waɗannan su ne abin da dattijon nan ya gani a zuciyarsa ranar da ya miƙa makulli.

Ga masu niyyar bayarwa kuma, ina da roƙo. Idan motarka ta gajiyar da kai, kada ka sauke gajiyar a kan ikkilisiya. Ka sayar da kanka, kai ka fi sanin darajarta da masu sonta, ka kawo abin da ka yi niyya. Idan kuma mai lafiya ce kana so ta yi aiki, ka tambayi dattawa ko za su iya riƙe ta, kada ka ji haushi idan suka ce a'a. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko an rubuta sunanka a ƙofar mota ko ba a rubuta ba.

Iyayena dattawa, ina roƙo a zaman majalisa mai zuwa kowace ikkilisiya ta zagaya bayan majami'a da ɗakin ajiya, ta rubuta duk abin da ke kwance: mota, babur, janareto, injin niƙa, keken ɗinki. A nemi waɗanda suka bayar ko iyalansu, a gaishe su, a nemi yardarsu, a yanke shawara kafin wata damina ta sake sauka a kansu. Ubangiji ya ba mu hikima da gaba gaɗi mu riƙe amana. Amin.